Agogon Auna Tafiya da Amfaninsa ga Manomi

'Yan'uwa manoma, watakila kun lura da wani irin agogo da samarinmu suke ɗaurawa yanzu, wanda ban da faɗin lokaci yakan gaya wa mutum nisan tafiyar da ya yi. Tun asali an yi shi domin masu gudu da masu tseren keke, su riƙa sanin motsa jikin da suka yi kowace rana. Babbar wayar hannu ma tana wannan aiki in an sa mata manhaja. A taron ƙungiya an sha tambayata ko abin nan zai amfani manomi, ko kuwa kwalliya ce kawai. Zai amfane shi, amma sai ya san iyakarsa.

Agogon yana aiki da taurarin ɗan'adam da ake kira GPS. Sojojin Amurka ne suka kafa su. An harba na farko a 1978, tsarin kuwa ya fara cikakken aiki da taurari 24 a 1995. Suna kewaya duniya a nisan wajen kilomita 20,200, kowanne yana aiko da saƙon rediyo mai faɗin lokaci da inda yake. Agogon saurare kawai yake yi, kamar akwatin rediyo, ba a kuwa biyan ko kwabo. In ya ji taurari huɗu, sai ya lissafta inda kake tsaye. Kana tafiya yana ɗiga alama, sa'an nan ya haɗa ɗigogin su zama layi. Daga layin nan yake fid da nisa, da lokaci, da sauri.

To, ga inda gizo ke saƙa. Tauraro ya san tafiya, bai san wahala ba. Mutumin da ya wuni sunkuye yana huɗa, agogo zai nuna tafiyarsa kaɗan ce, alhali gumi ya jiƙa shi sharkaf. Wadansu agogon suna da koren haske a ƙasansu mai ƙirga bugun zuciya, amma gumi, da laka, da saken ɗauri, da jijjigar ƙotar fartanya duk suna rikita shi. Lissafin ƙarfin abincin da yake cewa jiki ya ƙone kuwa, kintace ne. Kada kowa ya mai da shi likita. Mai yawan ciwon kai ko jiri ya tafi asibiti a auna jininsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Manomi da damina yakan wuce wannan cikin kwana ɗaya. Masu bukatar ƙirga su ne malaman makaranta, da masu kanti, har da pastocinmu, tun da babur ya zo ya hana mutane taka ƙasa. Da rani ma, bayan an gama kaka, da yawanmu zama muke yi gindin bishiya.

A ganina babban amfaninsa gare mu shi ne awon gona. Yawancinmu da ido muke faɗin girman gonarmu, da wannan kintace kuma muke karɓar bashin taki, mu biya mai tarakta da 'yan ƙwadago. Hekta ɗaya mita 10,000 ne murabba'i, watau mita 100 tsawo, mita 100 faɗi, kusan eka biyu da rabi. In ka kunna na'urar a kusurwa, ka bi iyaka a hankali har ka komo inda ka fara, za ta zana maka siffar gonar. Amma a kula, tsawon kewaye kaɗai ba ya faɗin girma. Gona mai mita 100 da 100, da wata mai 150 da 50, duka kewayensu mita 400 ne, amma ta biyun kashi uku ce cikin huɗu na hekta. Saboda haka a nemi manhajar da ke lissafin fili, ba ta nisa kaɗai ba.

Sa'an nan na'urar takan kuskure da wajen mita 5 ko a fili, ta fi haka ƙarƙashin manyan itatuwa ko gindin dutse. A hekta guda, ƙarin mita 5 a tsawo da faɗi zai ba da 11,025, watau kuskuren kashi ɗaya cikin goma. A ɗan lambu mai mita 20 da 20 kuwa, 400 zai zama 625. Lambun fadama sai igiyar awo. Babbar gona ma a kewaye ta sau uku a ɗauki tsakaici, kada kuma a yi shari'ar iyaka da maƙwabci a kan wannan layi.

Zumuntar mata ma za ta iya ba mace ɗaya agogon mako guda, a rubuta nisan zuwa rafi ɗebo ruwa. Sa'ad da za a roƙi rijiyar burtsatse, lamba a takarda ta fi dogon bayani.

Akwai gargaɗi guda. Manhajoji da yawa sukan baza taswirar tafiyar mutum a intanet. A Janairun 2018 aka gano taswirar kamfanin Strava tana nuna sansanonin sojoji a Siriya da Afganistan, domin sojojin suna gudu da agogonsu a kunne. A wannan zamani na satar mutane, wanda ya ga layinka ya san gidanka, da gonarka, da lokacin da kake fita. A rufe wannan sashe tun ranar farko. Ba lalle kowa ya sayi nasa ba. Waya ɗaya ta ishi ƙungiya, magatakarda ya kwafe awon kowace gona cikin littafi kafin a fara rabon taki.