Sarkin Kano Alu Mai Sango: Gidansu, Mulkinsa da Zamansa a Lokoja

Duk wanda ya tashi a wannan yanki namu ya san gidan sarki na Nassarawa, kuma ya san a nan aka binne Sarki Abdullahi Bayero da ɗansa Ado Bayero. Amma ɗalibai kaɗan ne za su iya faɗin inda kabarin baffan Abdullahi Bayero yake, wato Sarki Aliyu Babba, wanda Kanawa suka fi sani da Alu. Shi ne ke kan gadon sarauta sa'ad da Turawa suka ci Kano a 1903. Kabarinsa yana can Lokoja, inda kogin Kwara da na Binuwai suka haɗu. Domin a gane yadda aka yi ya ƙare a can, sai an fara da gidansu, gama rikicin gida ne ya ɗora shi a kan sarauta, kuma a ranar da ya rasa ta 'yan'uwansa na jini ne suka rabu gida uku.

Kakansa shi ne Ibrahim Dabo, Basulluɓe, wanda ya yi sarauta daga 1819 zuwa 1846. 'Ya'yan Dabo uku ne suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya: Usman, sai Abdullahi, sai Muhammadu Bello. Abdullahi, wanda ake kira Maje Karofi saboda a garin Karofi ya rasu, shi ne mahaifin Alu. Ya hau a 1855, ya yi fiye da shekara 25 yana mulki, ya kuma haifi 'ya'ya masu yawan gaske. Ta wajen uwa ma Alu ba ƙaramin mutum ba ne. Mahaifiyarsa Saudatu 'yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce, sunan wannan kaka nasa kuwa aka sa masa. Ku riƙe wannan, domin zai yi amfani nan gaba.

Da Bello ya hau, sai ya shiga karɓe sarautu daga hannun 'ya'yan wansa yana ba nasa. Ya ɗaukaka ɗansa Tukur har ya zama Galadima, kowa kuma ya ga inda aka dosa. Bello ya rasu a ƙarshen 1893. A lokacin, naɗin Sarkin Kano a hannun Sakkwato yake, Sarkin Musulmi Abdurrahman kuwa yana ƙaunar Tukur saboda jaruntar da ya nuna a yaƙin Argungu. Ya ba da umurni a naɗa shi, ko da yake mafi yawan manyan Kano sun fi son Yusufu ɗan Maje Karofi. Yusufu ya kwashi 'yan'uwansa da magoya bayansa suka fice daga birni zuwa Takai. Wannan shi ne mafarin Yaƙin Basasa, tsakanin Yusufawa da Tukurawa.

Yusufu bai ga ƙarshen yaƙin ba. Ya rasu a 1894, ana tsakiyar fama, sai aka miƙa jagorancin ga Alu. Me ya sa shi, alhali ga 'yan'uwa da dama? Dalili ɗaya a fili yake: mutanen da suka ƙi bin umurnin Sakkwato suna bukatar shugaban da Sakkwato za ta ji nauyin ƙi, jikan Sarkin Musulmi kuwa ya fi kowa dacewa da wannan. A cikin shekarar Yusufawa suka shiga birnin Kano, Tukur ya gudu wajen ƙasar Katsina, a 1895 kuma aka karya shi a Tafashiya, ya rasa ransa. Sakkwato ta haƙura ta karɓi abin da ya riga ya faru. A wannan yaƙi an kashe mutane da yawa, an ƙone garuruwa, an kuma kama 'ya'yan ƙasa an sayar da su bayi. Talakawan ƙauye da ba su da ko ƙarfanfana a gidan sarauta su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

Shekarunsa a kan gado ba su kai 9 ba, kuma bai samu hutu ba. Ya naɗa ɗan'uwansa Ahmadu Waziri, wani ɗan'uwan, Abbas, ya zama Wambai. Ya dogara ƙwarai da manyan bayin sarki da 'yan bindiga, daga nan ne ma ya sami kirarin Mai Sango, don sango wani irin mashi ne da ake ɗurawa a bindiga a harba. Daga kudu maso gabas Ningawa suna kai hari, daga arewa kuma Sarkin Damagaram Ahmadu Kuran Daga ya taso da runduna har ta kai Gezawa. Abin da ya ɗauke wa Kano wannan barazana shi ne Faransawa da suka kama Zinder a 1899. Mai hankali a fada ya san wannan sauƙi ba zai daɗe ba, tun da Ingilishi ma suna matsowa daga kudu.

A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, ya gudo Kano, Alu ya tarbe shi da girmamawa. Lugga ya riƙe wannan a matsayin hujja. A ganina ko da Magaji bai zo ba Turawa za su zo, domin ba za su bar babbar kasuwar ƙasar Hausa a wajen ikonsu ba. A wannan wata kuma Sarkin Musulmi Abdurrahman ya rasu, Attahiru ya gaje shi. A farkon Janairu na 1903 Alu ya tashi da mahaya kimanin 2,000 zuwa Sakkwato don yi wa sabon Sarkin Musulmi mubaya'a. Yana can Kanar Morland ya baro Zariya da sojan da ba su kai 1,000 ba, yawancinsu baƙar fata, amma da igwa da bindiga mai ruwa. Suka fasa Bebeji, ran 3 ga Fabrairu kuma suka shiga Kano.

Labari ya iske Alu a hanyar dawowa, a ƙasar Zamfara. A nan ne 'ya'yan Maje Karofi suka rabu. Alu ya sulale da dare ya bar rundunarsa, ya yi arewa. Waziri Ahmadu ya ce shi sai yaƙi, ya gamu da sojan Turawa a kusa da Kwatarkwashi, aka kashe shi tare da mutane da yawa, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Wambai Abbas ya jawo sauran jama'a ya kawo su gida, ya miƙa wuya, Lugga ya naɗa shi sarki. Duk sarakunan Kano tun daga Abdullahi Bayero zuwa yau zuriyar Abbas ne.

Ɗalibai kan yi saurin cewa Alu ya ji tsoro. Ban da garaje. A wannan lokaci malamai da sarakuna suna ta muhawara a kan abu uku: a yi yaƙi, ko a yi sulhu, ko a yi hijira zuwa gabas a bar wa Nasara ƙasar. Sarkin Musulmi Attahiru da kansa hijira ya zaɓa bayan an ci Sakkwato a watan Maris, har aka kashe shi a Burmi a watan Yuli. Saboda haka barin ƙasa ba abin kunya ba ne a idon mutanen zamanin. Abin da ke da wuyar karewa shi ne yadda Alu ya tafi. Attahiru ya fita da rana, dubban mutane suna biye da shi. Alu kuwa ya bar mutanen da suka yi masa Basasa, suka wayi gari ba sarki, ba umurni.

Bai yi nisa ba. An ce ya ɓad da kama ya yi shigar fatake masu gishiri, amma aka gane shi a ƙasar Gobir, aka miƙa shi ga Turawa. Suka kai shi Yola, daga baya suka mai da shi Lokoja. Dabarar Turawa ke nan: ba sa kashe sarkin da suka tuɓe, sai su ajiye shi nesa da jama'arsa, cikin mutane masu wani harshe, a ƙarƙashin idon Razdan, da ɗan abin da zai ci. Lokoja ta tara irin waɗannan baƙi, har da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi wanda aka kawo bayansa da shekaru. Al'adar ba ta mutu da mulkin Turawa ba. A 1963 gwamnatin Jihar Arewa ta sa Sarki Muhammadu Sanusi, jikan Abbas, ya yi murabus aka kai shi Azare, a 2020 kuma aka kai jikansa Muhammadu Sanusi II garin Awe, kafin a mai da shi kan sarauta a 2024.

Alu ya yi kusan shekara 23 a tsare, wato fiye da ninki biyu na shekarun da ya yi yana sarauta. Yana can Abbas ya rasu a 1919, aka naɗa wani ɗan'uwansu, Usman. Shi kuma ya rasu a Lokoja a 1926, shekarar da Abdullahi Bayero ya hau gadon Dabo.