Kafin gara da laima su cinye muryoyin ƙasar Sakkwato

Labarin da ke ta yawo cewa faifan garmaho ya dawo kasuwa a ƙasashen Turawa gaskiya ne. A Amurka, a shekarar 2022, an sayar da faifan garmaho kimanin miliyan 41, na CD kuwa miliyan 33, karon farko ke nan da tsohon ya wuce sabon tun 1987. Abin da ya dame ni shi ne yadda muka karɓi labarin. A majalisarmu ta Boɗinga an ɗauke shi a matsayin ƙauyancin masu kuɗi, wani matashi ma ya ɗaga wayarsa ya ce duk waƙar da aka taɓa yi a ƙasar Hausa tana cikin memorinsa. Wannan magana ce ta hana ni barci, domin na san mutane da yawa sun yarda da ita, har da waɗanda ke riƙe da ofisoshin al'adu.

Washegari na jawo adakar marigayi Baba daga ƙarƙashin gado. Kaset ne jere a ciki, wasu da rubutun boko a bayansu, wasu da ajami. Na sa biro na naɗe zaren ɗaya da ya saki, na hure ƙura, na saka a tsohuwar rakoda. Sai da ta yi ta shuuu kafin kotso ya tashi, muryar Sa'idu Faru ta biyo, yana wasa Sarkin Kudu Muhammadu Macciɗo tun yana Talata Mafara, shekaru da yawa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996. Ina da wannan waƙa a waya. Amma ta kaset ɗin ta fi tsawo, akwai ɗiyan waƙa da ban taɓa ji ba, akwai sunayen mutanen da ke zaune a wurin, har da guɗar wata mata daga nesa.

Kaset dai zare ne mai maganaɗisu, kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, kuma zafi da laima da fumfuna suna kashe shi sannu a hankali. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba a faye lura da shi ba shi ne makaɗin baka ba ya rera waƙa sau biyu iri ɗaya. Gindin waƙa yana nan, amma ɗiyanta suna sauyawa gwargwadon wanda ya halarta, da wanda ya yi kyauta, da wanda ya yi rowa, da abin da ya faru a gari a wannan makon. Saboda haka kowane ɗauka shaida ce mai zaman kanta. Ƙasar Sakkwato ta dā kuwa, kafin a yanke Kabi a 1991 da Zamfara a 1996, ita ce rumbun wannan fasaha. Ibrahim Narambaɗa ya yi zamaninsa a fadar Sarkin Gobir na Isa, ya bar mana Bakandamiya. Salihu Jankiɗi ya riƙe taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku. Musa Ɗanƙwairo na Maradun ya kai har 1991 yana waƙa. Ɗan Anace ya ɗaga Shago har sunansa ya zama ma'aunin ɗan dambe. Aliyu Ɗandawo ma ɗan Shuni ne, nan kusa da mu, kafin ya yi yamma zuwa Argungu da Yawuri. Wanda ke son jin Sakkwatanci na asali, da jerin sarautu, da sunayen garuruwa da fadamun da yau ba a ambatonsu, a bakin waɗannan zai same su.

Su kam sun yi sa'a, gidan rediyon Kaduna da Rima Rediyo sun ɗauke su, masana irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun rubuta matanin waƙoƙinsu da tarihinsu. Wa ya ɗauki mai gangar noma da ke tashin gayya a ƙauyukan Danchaɗi? Wa ya ɗauki matan da ke waƙar daɓe da ta niƙa a Sifawa, ko makaɗin 'yan kokawa na kasuwannin Shagari bayan kaka? Babu kamfanin da ya neme su. In muryarsu ta saura, to a kaset ɗin wani malamin makaranta ne ko direba da ya je biki da rakodarsa a kafaɗa. A adakar Baba na sami irin wannan guda biyu, an rubuta sunan ƙauye kawai, ba sunan makaɗi. Alhaji Shehu Shagari ya tsara Waƙar Nijeriya yana malamin makaranta, ta shiga takarda, ga ta nan ana karantawa har bayan rasuwarsa a 2018. Maƙwabcinsa mai ganga bai sami wannan gata ba, alhali shi ma tarihin garin yake faɗi.

Masu tura waƙa a memori kuwa, Allah ya saka musu, sun raya wasu waƙoƙin. Sai dai sau da yawa a gutsure suke, ba kwanan wata, ba wuri, wani lokaci a liƙa wa waƙar Jankiɗi sunan Narambaɗa, yara su haddace kuskuren.

Lokaci kuma ba ya jiranmu. Tun 2019 hukumar UNESCO da ƙungiyar masu adana sauti ta duniya suka yi gargaɗin cewa na'urorin kunna irin wannan zare da kayan gyaransu za su ƙare wajen 2025. Ban buƙaci rahoto ba, mai gyaran rediyo ya riga ya faɗa mini. Da na kai masa rakodar ya duba, ya girgiza kai ya ce, "Malam, kan rakodag ga ya cinye, kuma ba a kawo irinai yanzu. In kana da abin kwashewa, ka kwashe."

To ina Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu? Ina sashen harsunan Nijeriya na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo? Aikin bai fi ƙarfinsu ba: rakoda mai lafiya, kwamfuta, da ɗalibai biyu da za su zauna a sakatariyar Boɗinga da ta Shagari, a yi shela mutane su kawo kaset, a kwafa, a rubuta wanda ya yi waƙar da inda aka yi ta tun dattawan da suka sani suna raye, a mayar wa kowa kayansa. Kuɗin walimar taro ɗaya ya isa. Ku kuma magada, don Allah in an zo rabon gado a daina zuba kaset a buhu a jefa zaure inda gara ke jira.

Ni dai na fara da nawa. Kaset biyun nan na ƙauye na kai wa Kawu ya saurara. Bai kai minti ɗaya ba ya ɗaga hannu, ya faɗi sunan makaɗin da na ubansa da gonar da aka yi gayyar, na rubuta a bayan kwalin.