Bikin Gama Jarrabawa Ba Sai Da Kuɗi Ba

'Yan uwana ɗalibai, bayan jarrabawar ƙarshen zango, kwanakin jiran sakamako sukan ƙare a surutu. Alhali minti 40 sun ishe mu biki.

Da farko monita ya nemi izinin malamin aji. A share aji, a rubuta "Barka da gama jarrabawa" a kan allo. Sai a kasu gida biyu a kara a kacici-kacici da ƙarasa karin magana, malam ya yi alƙalanci. Daga nan kowa ya faɗi abu ɗaya da ya koya a zangon.

Kada a sa karo-karo, domin wanda ba shi da kuɗi zai ji kunya ya ƙi zuwa. Waɗanda suka yi nasara a tafa musu, ya wadatar.