Kartar Furanni Ta Mutanen Japan

Wanda duk ya san kartar da ake bugawa a ƙasarmu ya san ana gane ta da lamba da sarki da sarauniya. To, a ƙasar Japan akwai wata irin karta wadda ba lamba ko guda a jikinta, sai zanen furanni da itatuwa da tsuntsaye. Sunanta hanafuda, watau kartar furanni. Guda 48 ce, an kasa ta kashi goma sha biyu bisa ga watannin shekara, kowane wata yana da tsironsa da karta huɗu.

Asalin abin kuwa, mutanen Fotugal ne suka kai wa Japan karta, bayan da jiragensu suka fara sauka can cikin 1543. Har yau mutanen Japan suna ce da ita karuta, mu muna cewa karta, duk tushen kalmar daga Turai yake. Ba a daɗe ba caca ta yi ƙarfi, hukumar sarakunan Tokugawa ta yi ta kafa dokar hani. Da an hana wani iri sai masu yi su sāke masa zane, su fito da shi da wata kama. Cikin wannan ɓuya ne kartar furanni ta samu, gama ɗan doka in ya tarad da mutane da hoton fure da tsuntsu, da wuya ya ce lissafin kuɗi suke yi. Cikin 1889 wani mutum wai shi Fusajiro Yamauchi ya buɗe shagon yin ta a birnin Kyoto. Shagon nan shi ne kamfanin Nintendo, wanda daga baya ya shahara a duniya da wasannin na'ura.

Abin da ya kamata malamai su lura da shi shi ne, ba da ka aka zaɓi tsire-tsiren nan ba, kowanne da abin da yake nufi. Watan farko na itacen matsu ne, wanda ganyensa ba ya kaɗewa ko da sanyi ya tsananta, an zana shi tare da gauraka, su biyu duka alamar tsawon rai. Na biyu furen ume, mai tohowa tun sanyi bai wuce ba, don haka ake misalta shi da mai haƙuri. Na uku sakura, furen da suka fi ƙauna, ko da yake kwanaki kaɗan yake yi ya zube. A wurinsu shi ne hoton duniya, kyau da saurin ƙarewa. Na shida botan, tare da malam-buɗe-littafi, alamar wadata. Na tara kiku, wanda shi ne hatimin gidan Sarkin Japan, har a bangon fasfonsu akwai shi. Na ƙarshe kiri, shi kuma hatimin gwamnati ne, an buga shi a jikin kwabonsu na yen 500.

Amma wadda ta fi dacewa da ɗakin karatu ita ce kartar wata na goma sha ɗaya. An zana wani mutum riƙe da laima cikin ruwan sama, ga itacen yanagi mai rassa masu rinjaya ƙasa, ga kwaɗo. Mutumin shi ne Ono no Michikaze, gwanin rubutun hannu na ƙarni na goma. An ce a lokacin da ya kusa fid da rai ga koyon rubutu, sai ya ga kwaɗo yana ta tsalle don ya kama reshe, yana faɗuwa yana sākewa, har ya kama. Daga nan ya koma bisa alƙalaminsa. Abin mamaki ne a ce wa'azi irin wannan a hannun 'yan caca ya fi yawo.

Wajen wasa kuwa, ana neman a haɗa kartocin da suka dace da juna. Wanda ya sami sakura da ƙoƙon giyar shinkafa ya ci, wai ya yi shagalin kallon fure. Wanda ya haɗa aladen daji da barewa da malam-buɗe-littafi shi ma ya ci.

Sa'an nan kartar ta ƙetare teku zuwa Koriya wajen ƙarshen ƙarni na goma sha tara, ta zauna daram, suna kiranta hwatu. A nan ne ta shiga sha'anin duba sosai. Tsofaffi sukan shimfiɗa ta da sassafe su kaɗai, suna haɗa 'yan wata ɗaya, don wai su ga abin da yinin zai kawo. In matsu ya fito, labari na tafe. In ume ne, masoyi. Sakura yawon shan iska, kiku shaye-shaye, kiri kuɗi, kartar mai laima kuwa baƙo ne zai yi sallama. Dubi yadda aka juya abin: furen da ke hatimin sarauta a Japan ya zama ƙoƙon giya a Koriya, gwanin rubutu kuma ya zama baƙon da za a dafa wa abinci. Har watanni biyu na ƙarshe ma sun musanya, mai laima ya koma na goma sha biyu.

Turawa su ma ba a bar su a baya ba. A Faransa an yi wata mace mai duba a birnin Paris, Marie Anne Lenormand, ta mutu cikin 1843. Bayan mutuwarta masu buga karta suka fito da wata guda 36 suka laƙaba mata sunanta don ta yi kasuwa. A ciki, ta biyu ciyawa ce mai ganye uku, wai 'yar ƙaramar sa'a. Ta tara damin furanni, wai kyauta ko gayyata. Ta talatin farin fure, wai natsuwa da manyanta. Masu bincike sun gano cewa hotunan nan daga wani wasan nishaɗi aka kwaso su, wanda aka buga a birnin Nuremberg na Jamus wajen 1799, ana yinsa da jefa ƙwayar lamba. Watau abin da aka yi domin hira da dare shi aka mai da madubin gaibu, da sunan matar da ba ta taɓa ganinsa ba.

Mai karatu ya san hukuncin caca da duba a Musulunci, ba sai an maimaita masa ba. Mutanen Japan kansu sun bar shaidar ɓarnar caca cikin harshensu. A wani wasa da ake kira oicho-kabu, hannun da ya fi kowane muni shi ne takwas da tara da uku, ana faɗarsa ya-ku-za, watau hannun banza, kuma daga nan ne aka ce ƙungiyoyin 'yan ta'addar ƙasar suka sami sunansu na yakuza. Duk da haka hanafuda ba ta tsaya gidan caca kaɗai ba. Iyalai da yawa sukan fito da ita a hutun sabuwar shekara, kaka da jikoki su zauna a tabarma, yaro ya tashi ya san furen kowane wata tun bai iya karanta sunansa ba.