Dalilin da ya sa dillalai ke rage sarin waya kafin Satumba

Kamfanin Apple na Amurka ya saba fito da sabuwar wayar iPhone a watan Satumba, abin da ke karya darajar wadda ta gabace ta. A shekarar 2024, da ya gabatar da iPhone 16, ya rage farashin iPhone 15 daga dala 799 zuwa dala 699.

Saboda haka dillalai kan taƙaita sari gabanin wannan lokaci, domin wayar da ta kwana a kanti tana iya cinye riba har ta taɓa uwar kuɗi. Mai saye kuwa, haƙurin 'yan makonni kan kai shi ga rahusa. Sai dai a kasuwanni irin su Computer Village ta Ikeja, faɗuwar darajar naira na iya shafe wannan ragin.