Sao Tome da Principe: Ƙaramar Maƙwabciyarmu a Tsakiyar Teku

In aka tambayi mutum maƙwabtan Nijeriya, nan da nan zai lissafa Nijar da Cadi da Kamaru da Binin. Ba kasafai ake tunawa da cewa muna da wata maƙwabciya ta wajen ruwa ba, wato ƙasar Sao Tome da Principe, wadda tsibirai biyu ne a cikin Tekun Gini, kudu da gaɓar ƙasarmu. Ƙarama ce ƙwarai, amma sau da dama abin da ya faru a cikinta ya taɓa Nijeriya, don haka ya kamata masu karatu su san ta.

Yadda Ƙasar Take

Faɗinta duka wajen murabba'in kilomita 1,000 ne. Jihar Legas, wadda ita ce mafi ƙanƙanta a Nijeriya, ta ninka ta fiye da sau uku. Mutanenta sun ɗan haura 200,000, kuma a Afirka duka Seshel ce kaɗai ta fi ta ƙanƙanta. Tsibiran nan kawunan tsofaffin duwatsu ne masu aman wuta, waɗanda suka jeru tun daga Dutsen Kamaru har cikin teku: Biyoko, sai Principe, sai Sao Tome, sai Annobon. Saboda haka ƙasar tudu ce da kwazazzabai, ga daji mai duhu, ga ruwan sama mai yawa. Ƙololuwar dutsen Sao Tome ta kai mita 2,024.

Turawan Fotugal sun iso wurin wajen shekarar 1470, suka tarar ba kowa. Suka kawo bayi daga gaɓar Afirka don noman rake, daga baya aka koma kofi da koko. A farkon ƙarni na 20 akwai lokacin da babu ƙasar da ta kai ta fitar da koko a duniya. Ta sami mulkin kai ran 12 ga Yuli, 1975.

Gadon Mulkin Mallaka

Abin da Turawa suka gina, don gonakinsu suka gina shi. Hanyoyi daga gona suke tasowa su nufi bakin ruwa, inda ake loda koko. Tashar jiragen ruwa ta babban birnin ba ta da zurfi, saboda haka manyan jirage sai su tsaya can nesa, a riƙa jidar kayan da ƙananan jirage. Kowane buhun shinkafa da na siminti sai an biya kuɗin wannan jida, kuma a kan mai saye na ƙarshe nauyin yake sauka. Yawancin wutar lantarki daga injuna masu shan man gas take fitowa, man kuwa sai an kawo shi ta teku, galibi daga Angola. Duk sa'ad da jirgin mai ya yi jinkiri, gari ya shiga duhu.

Tsakanin tsibiran biyu akwai wajen kilomita 150 na ruwa. Mutumin Principe da ke da larura a babban birni, ko dai ya shiga ƙaramin jirgin sama in yana da hali, ko kuwa ya bi jirgin ruwa. A watan Afrilu na 2019 wani jirgin ruwa mai ɗauke da fasinja da kaya ya kife dab da Principe, aka yi hasarar rayuka.

Darasin Yaƙin Basasa

Nijeriya ta fara gane muhimmancin tsibirin ne a lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970. Sojojin Tarayya sun toshe wa Biyafara hanyar teku, amma Sao Tome tana hannun Fotugal, wadda ba ta goyon bayan Gwamnatin Tarayya. Daga filin jirgin sama na tsibirin, ƙungiyoyin coci-coci suka riƙa tura jirage da dare zuwa Uli, inda aka faɗaɗa wata hanyar mota ta zama wurin saukar jirgi. Sun yi sawu fiye da 5,000 ɗauke da abinci da magani. Ta wannan tsibiri kuma wasu jiragen suka riƙa bi da makamai, abin da ya sa hukumomin Legas suka yi ta ƙorafi. Tun daga nan aka san cewa duk wanda ke da iko da filin nan yana iya kai hannu cikin Nijeriya.

Manyan ƙasashe ma sun lura da haka. Bayan yaƙin Laberiya ya raba Amurka da tasharta ta watsa shirye-shirye a 1990, sai ta gina wata a Sao Tome, kuma shekara da shekaru daga can aka riƙa cillo wasu shirye-shiryen Sashen Hausa na Muryar Amurka zuwa akwatunan rediyonmu.

Wa Zai Tsare Ta?

Sojojin ƙasar 'yan ɗaruruwa ne. Tun 1978, da Shugaba Manuel Pinto da Costa ya ji tsoron hari daga waje, Angola ce ta aiko masa da sojoji, suka zauna fiye da shekara goma. Ran 16 ga Yuli, 2003, wasu sojoji suka ƙwace mulki alhali Shugaba Fradique de Menezes yana Abuja wajen taro. Nijeriya da wasu ƙasashe suka tsaya kai da fata, bayan mako guda sojojin suka janye, Shugaba Olusegun Obasanjo ya raka shi gida da kansa. A watan Nuwamba na 2022 ma an sake kai hari barikin soja na babban birnin.

Babban aikin kuwa a teku yake. Yankin ruwan da dokar duniya ta ba ƙasar ya ninka ƙasarta wajen sau 160, ga shi ba ta da jiragen da za su zaga shi. Masu satar kifi da 'yan fashin teku sun san da haka. A watan Janairu na 2021 aka far wa jirgin kaya mai suna Mozart a arewa maso yamma da tsibirin, aka kashe ma'aikaci ɗaya, aka sace Turkawa 15, sai bayan makonni aka sake su a Nijeriya. Wannan rashin ƙarfi ne ya sa tun 2018 Fotugal ta kai mata jirgin sintiri don taimako.

Nijeriya tana da nata rabo a ruwan nan. A watan Fabrairu na 2001 ƙasashen biyu suka sa hannu a Abuja kan yarjejeniyar haƙar mai tare a yankin da iyakokinsu suka haɗu, Nijeriya ta ɗauki kashi 60 cikin ɗari, Sao Tome kashi 40. Har yanzu ba a kai ga fitar da mai na sayarwa daga wurin ba, amma yarjejeniyar ta kashe rigimar iyaka tun kafin ta tashi.

Ƙasa irin wannan ba za ta iya tsare kanta ita kaɗai ba, dole wani ya kama mata. In Nijeriya ta yi sakaci wajen sintirin haɗin gwiwa da horar da ma'aikatan ruwanta, wasu daga nesa za su cike gurbin, su yi abin da ya dace da bukatunsu. Ta cikin ruwan nan ɗanyen manmu yake fita, ta nan kuma kayan masarufi suke shigowa tashoshin Legas da Fatakwal kafin su hau mota zuwa Kano da Maiduguri. Hausawa dai sun ce, in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.