Kanwa, Zoɓo da Ruwan Tarwaɗa

Duk macen da ta taɓa miyar yakuwa ta san aikin kanwa: ɗan ƙanƙane za a jefa, tsami ya kwanta. Wadda ta taɓa ɗiga ruwan kanwa a zoɓo kuwa ta ga yadda jan nan ke dusashewa ya koma wani duhu-duhu. Wannan kokawa tsakanin tsami da kanwa ita ce masana ke aunawa da abin da suke kira pH, kuma tana cikin abubuwan da ke cinye jarin masu kiwon tarwaɗa a bayan gidajen Potiskum, su kuma su ɗora laifi kan wanda ya sayar musu da iri.

Wani masani ɗan Denmark mai suna Sørensen ne ya fito da ma'aunin a 1909. Daga 0 yake zuwa 14, kuma 7 ce tsakiya. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, sama da ita ɓangaren kanwa. Tarwaɗa da karfasa sun fi sakewa tsakanin 6.5 da 8.5. Kada ƙanƙantar lambobin ta ruɗe ka: daga 7 zuwa 6 tsamin ya ninka sau goma, zuwa 5 kuma sau ɗari.

Wani maƙwabcina ya gina tankin kankare, ɗokin farawa ya hana shi jira. Siminti na bushewa ya cika shi da ruwa, ya juye 'yan tarwaɗansa. Washegari na leƙa, sai na tarar suna ta goga jiki da bango, fatarsu ta yi fari-fari da yauƙi, wasu sun riga sun juya ciki sama. Ya ce ai cuta aka sayar masa. Ba cuta ba ce. Sabon siminti yana sakin farar ƙasa cikin ruwa, har pH ya haura 10. Maganinsa haƙuri: a cika tanki, a bar shi kwanaki, a zubar, a goge bango, a sake cikawa, har sai awo ya sauko ya tsaya wuri ɗaya. Mai tankin tamfol ko na roba ya huta da wannan.

Sai kuma nauyin ruwa, wanda ake yawan rikita shi da zartsi. Ruwa mai nauyi shi ne wanda ya kwaso sinadaran kalshiyam da maganiziyam daga duwatsun da ya ratsa. Alamarsa a gida take: sabulu ya ƙi kumfa, gindin tukunyar shayi ya yi farin ɓawo. Mai wanki na tsine masa, amma kifi ba ya ƙinsa, domin irin wannan ruwa galibi yana ɗauke da kabonet, wanda ke riƙe pH kada ya yi ta tsalle. Ruwa maras nauyi, irin na sama, shi ne mai saurin juyawa. Kashin kifi da ragowar abinci kaɗan sun isa su tsamama shi. In ruwan ya yi kore da gansakuka ma, awon asuba daban, na la'asar daban, don da rana gansakukar na zuƙe iskar da ke tsamama ruwa, da dare kuma ta mayar.

Idan ruwa ya yi tsami ne wasu ke garzayawa wajen kanwa, tun da ga ta nan a kasuwa, daga Yusufari da ƙasar Manga, ba tsada. A ganina ganganci ne. Kanwa na cilla pH sama lokaci guda, kuma ƙarfin wani dunƙule ba ɗaya yake da na wani ba. Kifin da ya saba da 6.5 zai rayu a haka, amma a ɗaga shi zuwa 8.5 cikin awa ɗaya, sai ya galabaita. Gara a daka ɓawon ƙwai wankakke ko dutsen farar ƙasa, a ƙulle a tsumma, a rataya cikin ruwan, ya riƙa narkewa a hankali. Jibsam irin wanda ake haƙa a Fika yana ƙara kalshiyam, amma ba ya riƙe pH. Mai 'yan kifin ado a akwatin gilashi a falo, shi ma haka dokar take, sai dai nasa ruwan kaɗan ne, kuskure ya fi saurin nunawa.

Kowace rijiyar burtsatse da halinta, ko da unguwa ɗaya ce, don haka awon maƙwabci ba naka ba ne. Takardar awon pH 'yar siririya ce, a tsoma ta canza launi. Sai dai kada a auna ruwan da ya fito daga famfo nan take. A bar shi ya kwana a buɗe tukuna, iskar da ya taho da ita daga ƙasa ta fice, sannan lambar gaskiya ta bayyana.

Watan Afrilu ya fi kowane haɗari. Kashin kifi na fitar da amoniya, gubarta kuma na ƙaruwa ne idan zafi da pH suka hau tare. Ranar da zafin Potiskum ya wuce digiri 40, a rage abinci, a canza wani kaso na ruwan da sassafe maimakon a zubar da shi duka, kuma a yi wa tankin rumfa ko da ta zana ce.